Tsaga Ɗaya na Dama

Ni kafinta ne, ba ruwana da siyasa, kuma har yau ban sani ba ko teburin da na ƙera ya taimaki ɗan takarar Baba ne ko ya kayar da shi. Duk wanda na tambaya sai ya ba ni amsa daban, har da mutanen ƙasashen waje da ba su taɓa ganin ƙofar shagonmu ba.

Aikin ya zo ne saura sati biyu a yi muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa. Manajan gidan talabijin ya ce yana son teburan jawabi guda biyu, irin waɗanda mutum ke shiga ciki ya tsaya, katako ya kare shi gaba da gefe, kuma su zama iri ɗaya sak, kada wani ya ce an fifita wani. 'Yan takarar biyu ne. A layinmu Dogo da Gajere muke ce musu, kuma ko a hoto ka gan su ba ka neman ƙarin bayani. Ranar da na fara yankan katako sai ga wani mutum da baƙin tabarau daga ɓangaren Gajere. Ya ja ni bayan shago, ya waiga hagu ya waiga dama, ya ce a saka wa maigidansu mataki a cikin teburinsa, mai tsawon taƙi ɗaya da rabi, a lulluɓe da kafet, kada ko ma'aikatan talabijin su sani. Ban ga laifi ba. Aikinmu ke nan, a auna mutum a yi masa abin da zai zauna masa daidai.

Shagon na Baba ne, shi ya kafa shi. Shekara uku ke nan idonsa yana ja da baya, amma in kana son ganin ɓacin ransa to ka ce masa ba ya gani. Zarto ya bar hannunsa, guduma ta bar hannunsa, awo ma ni nake yi. Abu ɗaya ya rage masa, wata 'yar wuƙa mai ƙotar ƙashi da yake ajiyewa a aljihun gaba. Ba aikin da ke fita daga shagon sai ya durƙusa ya yi masa tsaga a ƙasan allon sama, inda ido ba ya kaiwa. In kayan biyu ne, tsaga ɗaya na dama, tsaga biyu na hagu. Kullum maganarsa ita ce shekara arba'in da biyar aiki bai taɓa dawowa shagon nan ba. Kuma Baba mutumin Dogo ne na gani kashe ni. Wai lokacin da Dogo yana malamin makaranta ya taɓa ba shi aikin bencina sittin, da ya zo karɓa ya shafa ɗaya ya ce, "Wannan hannun ya san katako." Na ji labarin nan ya fi sau ɗari, kuma kowane zuwa bencinan ƙaruwa suke.

Da safiyar ranar muhawara motar kaya ta iso, direba yana ta danna hon, manaja kuma yana kan waya yana mini ihu a kunne. Teburan suna tsaye kusa da juna, fenti ɗaya, tsayi ɗaya. Baba ya fito da wuƙarsa ya ce, "Wanne ne na mutumina?"

Na ce, "Wancan," na nuna da haɓa, na ci gaba da waya.

Ya yi tsagarsa, muka naɗe su da leda muka ɗora a mota. Na gaya wa manaja mai tsaga ɗaya a ajiye a dama wajen Dogo, mai biyu a hagu. Na so in bi motar, aka ce masu tsaro ba za su bar ni in shiga ba.

Da yamma muka taru a shagon mai gyaran waya, shi ne mai babbar talabijin a layin. Baba ya ce shi gida zai zauna da rediyonsa, wai talabijin tana raba wa mutum hankali. Aka kira Dogo ya fito yana ɗaga hannu, ya zagaya bayan teburinsa, sai muka ga ya yi tuntuɓe ya kama gefen katako. Da ya miƙe, kansa ya fice daga hoton gaba ɗaya, wuya kawai muke gani da maɓallin riga. Aka kira Gajere ya shiga nasa. Goshi da gilashin ido ne kaɗai suka leƙo.

Shagon ya kaure da dariya, mai walda na layinmu har da faɗowa daga benci. Ni kuwa ban yi dariya ba, don nan take na tuna haɓata da kalmar "wancan". Na nuna wa mutumin da ba ya gani abu da haɓa, shi kuma girman kai ya hana shi sake tambaya.

Ba wanda ya iya gyarawa, don kai tsaye ake nunawa. Gajere ba zai ce a ba shi teburinsa ba, in ya faɗa ya tona kansa. Dogo ba zai iya sauka ba, matakin ya cika cikin teburin, in ya ja baya ya yi nisa da makirufo. Haka ya yi awa ɗaya da rabi a sunkuye, yana magana yana kallon ƙasa. Gajere ya jure minti goma yana ɗage, daga nan ya zare makirufo ya fito ya tsaya a gefen tebur da shi a hannu. Sun yi magana kan farashin kaya da makarantu da tsaro, amma rantsuwa zan yi ba wanda ya riƙe kalma ɗaya a shagon nan.

Kafin in isa gida na kira matata na ce kowa ya kama bakinsa. Na bi mai walda da mai gyaran waya na roƙe su da girman Allah kada maganar tebur ta kai kunnen Baba. Abin da nake tsoro ke nan, ba jam'iyya ba, ba manaja ba. In tsohon nan ya san hannunsa ne ya mai da mutuminsa abin dariya, to an ƙwace masa abu na ƙarshe da ya rage.

Na same shi a kujerarsa da rediyo a cinya, fuska a sake.

"Ka ji mutumina? Ya yi magana. Sai dai muryarsa kamar mai ɗauke da kaya. Mura yake yi?"

"Ina jin mura ce, Baba."

"Teburan fa?"

"Sun yi kyau."

Washegari tun ban wanke fuska ba saƙon murya ya shigo daga yayata, wadda ke aikin jinya a ƙasar waje. "Kai, me ya sami ƙasar nan tamu? A nan tun jiya hotonku ake nunawa. Wai ɗan takara ya kasa haɗa ido da jama'arsa saboda kunya, awa ɗaya da rabi kansa a ƙasa. Abokan aikina sai tambayata suke me ya aikata. Ni me zan ce musu?" Kafin azahar sai ga wani saƙon. "Ka manta da na ɗazu. Wata tashar ta kawo wani farfesa, ya ce a al'adarku shugaba yana sunkuyawa ne don girmama talakawa, wai tsohuwar al'ada ce mai zurfi. Yaushe muka yi wannan al'adar ban sani ba? Ko bayan tafiyata ne?"

Ni a nan aka haife ni, ban taɓa ganin shugaba ya sunkuya ba sai in takalminsa ya kwance.

Rana ta biyu bayan muhawarar mutanen Dogo suka zo su uku. Na tare su a bakin titi don kada su ƙarasa inda Baba yake. Babbansu ya nuna ni da yatsa ya ce wa ya sa ni, na ci amanar ƙasa, zan gani. Na yi rantsuwa har na gaji. Suna tafiya mai baƙin tabarau ya iso yana murmushi, ya riƙe hannuna da hannu biyu. Wai jaridun waje sun ce maigidansu ya yi watsi da tebur ya fito ya tsaya cikin mutane, ba shamaki tsakaninsa da talaka, sabon salon shugabanci ke nan. Ya ce, "Kai ka tsara haka, ko? Kana da kai, malam." Na ce kuskure ne. Ya kashe mini ido ɗaya ya shiga mota.

Rana ta huɗu komai ya juye. Wani ya ɗauki hoton cikin teburin, matakin ya fito fili da kafet ɗinsa, duniya ta gane wanda aka yi wa shi. Mai baƙin tabarau ya dawo ba murmushi, ya ce na tona musu asiri da gangan, ni ɗan leƙen asirin Dogo ne. Bai kai ƙarshen layi ba mutanen Dogo suka sauko daga mota da sabon hoton kamfe, ga shi a sunkuye, an rubuta a ƙasa wai ya sunkuya ne don ya ji kukan talaka. Wanda ya ce zan gani shi ne ya rungume ni, ya nemi ya liƙa hoton a ƙofar shago. Na tsaya riƙe da guduma, ban san wanda ya kamata in ji tsoro ba.

A layin ma muhawarar ba ta ƙare ba, sai ma ta dawo sabuwa. Mai walda ya ce shi Gajere zai zaɓa, mutumin da tebur ya haɗiye shi ya fito da ƙafarsa zai iya fitar da ƙasa daga rami. Mai gyaran waya ya ce ina, wanda ya jure ciwon baya awa ɗaya da rabi bai yi ƙorafi ba shi ne shugaba. Na ce, "To me suka ce kan farashin kaya?" Suka dube ni kamar ni ne na kawo shirme.

Duk wannan Baba yana cikin shago a kujerarsa, yana murɗa rediyo daga tashar waje zuwa tashar waje. Ya ji maganar sunkuyawa, ba yadda zan yi in toshe masa kunne, amma ya ɗauke ta ta inda yake so.

"Ka ji ko? Har mutanen waje sun gane. Ladabi ne, tun yana malami haka yake. Ranar da ya zo karɓar bencina tamanin ɗin nan, sai da ya sunkuya ya shafa."

Na ce haka ne, Baba. Na ji daɗi, na kuma ji kunya, duk a lokaci guda.

Rana ta biyar wata 'yar jarida daga waje ta zo da tafinta da mai ɗaukar hoto. Tun daga ƙofa tafintan ya ɗaga murya, "Sannunku da aiki! Nan ne shagon kafintan da ya..." Na yi wuf na kama hannunsa na ja su gaban shagon mai walda, na yi masa alama ya kunna injin yankan ƙarfe. Haka aka yi hirar, muna ihu cikin ƙara.

Tafinta ya ce, "Tana tambaya, yaushe ka yanke shawarar yin wannan bore?"

"Wane bore?"

"Ta ce ka ɗaga babba har ya sunkuya dole, ka nutsar da ɗayan har ya fito. Saƙo ne daga masu aikin hannu zuwa ga masu mulki."

"Ka gaya mata kuskure ne. An sauya teburan ne kawai."

Ya gaya mata. Ta gyaɗa kai a hankali, ta rubuta wani abu mai tsawo.

"Me ta rubuta? Ai maganata ba ta kai haka ba."

"Ta ce ta fahimta, ba lallai ka faɗa a fili ba, ta san halin da kuke ciki. Tana tambaya ko ana yi maka barazana."

"Ana yi, amma kullum masu yin canzawa suke."

Wannan ma ta rubuta. Da za su tafi ta tambayi wa zan zaɓa. Na buɗe baki, amma gaskiya ban sani ba. Mai hoto ya ɗauke ni a haka, baki a buɗe, kuma yayata ta ce hoton da suka buga ke nan, da rubutu a ƙasa wai jarumin da ya yi shiru.

Rahoton matar ne ya kashe ni. Washegari da hantsi ina goge ƙafar kujera, rediyon Baba ya ce wani kafinta ya ɓoye mataki a teburin muhawara, aka ajiye wa wanda ba nasa ba. Na ji Baba ya rage murya, sannan ya kashe gaba ɗaya. Ban ɗago ba.

"Mataki ka saka?"

"Na Gajere ne, Baba. Su suka nema."

"Ya aka yi mutumina ya hau?"

Ƙaryar ta fito da kanta, kamar ta daɗe tana jira. "Ma'aikatan talabijin ne suka juya su. Na gaya musu ɗaya dama, biyu hagu, ba su duba ba."

Ya ce, "Mutanen yanzu ba sa duba ƙasan abu."

Ranar kuma manaja ya turo motar kaya da teburan biyu, ya ce ba ya son ya sake ganinsu a gidansa. Aiki ya dawo shagonmu karo na farko. Allah ya sa Baba ya tafi gida cin abincin rana. Na kwantar da su na leƙa ƙasa. Ga shi nan yadda na zata, mai mataki tsaga ɗaya, marar mataki tsaga biyu, yanka mai kyau, zurfi ɗaya, hannun da bai taɓa rawa ba. Na ɗauko wuƙata na ƙara tsaga ɗaya a mai matakin. Ɗayan kuma na sa samfefa na goge tsaga guda har ta ɓace, na shafa fenti, na kunna fanka. Ina gumi kamar wanda ya shiga gidan mutane sata.

Da Baba ya dawo tun daga ƙofa ya ja hanci.

"Sabon fenti nake ji. Aiki ya dawo?"

"Sun dawo da su, Baba. Laifinsu ne, amma kunya ta hana su ajiyewa."

"Kai ni wajensu."

Na kama hannunsa, abin da ba ya yarda in yi, amma ranar bai fizge ba. Ya durƙusa da ƙyar gaban na farko, ya laluba ciki ya ji ba mataki, ya kai yatsa ƙasan allo. Ya taɓa tsagar, ya wuce ta, yatsan ya tsaya a ɗan kwarin da samfefa ta bari. Ya shafa shi sau biyu. Ya ja gwiwa zuwa na biyu. Ya taɓa matakin, ya auna shi da taƙinsa, sannan ya nemi tsagar. Ya daɗe a wurin, yatsa yana kai yana komowa tsakanin biyun.

"Biyu ne," na ce. "Ka gani, daidai ka yi."

"Biyu ne. Ɗaya tawa ce." Ya ɗora farcensa a ɗayar. "Wannan daga sama aka fara ta. Ni daga ƙasa nake farawa, tun ba a haife ka ba."

Waje mai walda da mai gyaran waya suna ta musu kan ciwon baya, ina jin su sama-sama.

Ya zauna dirshan a cikin garin katako, ya jingina da teburin mutuminsa. Na zaci faɗa zai yi, na ma fi son ya yi. Sai ya ce a hankali, "Ranar nan na tambaye ka wanne, ka ce wancan. Ni kuwa na daɗe ban san inda wancan yake ba. Da na sake tambaya, da ka gane."

"Laifina ne, Baba. Ni na nuna da haɓa."

"Kai ka nuna, ni na yanka." Ya goge yatsansa a riga. "To gaya mini gaskiya, kai da kake gani. Na taimake shi ne ko na cuce shi?"

Na tuna farfesa, na tuna saƙonnin yayata da hoton kamfe da mai baƙin tabarau. Na nemi amsar da zan ba shi ya samu sauƙi, na ga in na ƙara ƙarya guda yatsan nan zai gano ta.

"Wallahi ban sani ba, Baba. Ba wanda ya sani, har su kansu."

Ya gyaɗa kai. Ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro 'yar wuƙar, ya riƙe ta ta baki, ya miƙo ƙotar.

"Yankanka ba laifi. Ka dinga farawa daga ƙasa, katako ba ya tsagewa."

Gefen ƙofa ya miƙa ta, inda ba kowa, ni kuwa ina tsaye ta hagunsa. Hawaye ya cika mini ido. Na ɗaga ƙafa a hankali don kada garin katako ya yi ƙara, na zagaya na tsaya inda yake zaton nake, na sa hannu biyu na karɓa.